Lambun Cliveden: dole sai mutum ya kama ɗaki a otal ɗin kafin ya shiga?

Maman Hanif:
Salam 'yan uwa mazauna Ingila, don Allah ina da tambaya. Hajiyarmu ta zo mana daga Kano, kuma ita mace ce mai son shuke-shuke, zaman gida ya ishe ta kullum tana bakin taga tana kallon titi. Na ga hotunan Cliveden ɗin nan na wajen Taplow sun burge ni, amma da na duba kuɗin ɗaki sai da na yi salati na rufe wayar. To wai dole sai ka kwana ko ka ci abinci a otal ɗin za su bar ka ka zaga lambun? Sannan Hajiya na fama da ciwon gwiwa, wajen zai yi mata?

Dan Slough:
Wa alaikumus salam Maman Hanif, a gaida Hajiya da gajiyar hanya. Sam ba dole ba ne. Gidan da filin gaba ɗaya na National Trust ne, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, tun 1942 da iyalan Astor suka ba su, masu otal haya kawai suke yi ta ginin, tun wajen tsakiyar shekarun 1980. Tikitin shiga lambu daban yake, ki saya a shafin National Trust, in kina da katin mamba ma shiga kawai za ki yi. Ni a ganina mai tikitin lambu shi ya fi cin riba, don ɗaki dai ɗaki ne ko a ina, amma eka 376 a kan tudu ga kogin Thames a ƙasa ba ko'ina ake samu ba.

In kun shiga kar ku ɓata ƙarfin Hajiya a wani waje, ku wuce kai tsaye barandar bayan gidan. Daga nan za ta hango babban lambun nan da John Fleming ya tsara a 1855, an yanka gadajen fure kusurwa uku-uku an zagaye su da 'yan gajerun shinge an aske su tas kamar aikin zare a wuyan babbar riga, can ƙarshe kuma sai ƙasa ta yanke kawai ka ga kogi. Daga saman ake ganin tsarin sosai, in ka sauka ciki ɓace maka yake.

Ummu Safiyya:
Anti ki ji shawarar Malam amma kar ki yarda ki sauke ta bakin kogi ta matakalar nan, sun haura 170, saukar ba komai ba ce hawowar ce aiki, mu da muke ganin kanmu yara ma sai da muka dinga tsayawa muna haki. Lambun ruwa ya fi dacewa da ita, babu hawa babu gangara sosai, ga wata 'yar rumfa irin ta China a tsakiyar tafki ga wajen zama. Yara kuma ki sake su cikin shingen ɓata-hanya da ke kusa da wajen, wanda aka buɗe a 2011, ya fi tsayin mutum, suna ihu kina jin su amma ba kya ganin su.

Abu ɗaya dai zan faɗa miki tun yanzu, akwai wani katon marmaro a kan hanyar shiga gidan mai gumakan mata ba kaya, ki san ta inda za ki bi da Hajiya ko ki shirya amsa lol. Karnuka ma Turawa na zuwa da su da yawa. Ki tafi da darduma da abincinku a kula, in ya so a hanyar dawowa ku biya Slough, masallatai da gidajen abincin halal ba sa wahalar samu.

Baban Khalil:
Ku kuna ta maganar fure, gidan nan fa tarihi gare shi. Sau biyu yana ƙonewa, 1795 da 1849, wanda kuke gani yanzu Charles Barry ne ya gina a 1851, shi ne dai mai ginin majalisar dokoki ta Landan. A bakin wajen ninƙayar gidan ne minista John Profumo ya haɗu da Christine Keeler, budurwar da ya yi soyayyar ɓoye da ita, a 1961, abin da ya ci kujerarsa daga baya. Meghan matar Yarima Harry ma nan ta kwana ana gobe ɗaurin aurenta a 2018, ina jin shi ya ƙara wa ɗakunan tsada.

Maman Hanif:
Kai na gode Allah ya bar zumunci. Baban Khalil wannan labarin ministan ba da ni za a ba Hajiya ba wallahi. Ba mu da mota fa, jirgi na zuwa?

Dan Slough:
Ku hau layin Elizabeth ku sauka Taplow ku ɗau tasi, kar ku ce za ku taka da ita akwai nisa ga hawa. In da hali ku je tsakiyar mako, Asabar da Lahadi cika yake yi musamman in rana ta fito. Ki kira su kafin ranar ki tambayi keken turawa na aro saboda gwiwar.