Jitar lantarki mai gajeren wuya ga wanda hannu ya fara yi wa gardama

Kawu Sale: Salamu alaikum jama'ar zaure. Amosanin gaɓɓai ya kama min hannun hagu. Ƙaramin yatsa ba ya miƙewa kamar da, gindin babban yatsa kuma sai zugi in na daɗe ina danne kod, wato haɗin tsirkiyoyin da ake dannawa a kaɗa tare. Jita samfurin Stratocaster nake kaɗawa. An ce in koma mai gajeren wuya, wacce za ku nuna min?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ake aunawa shi ne tsawon tsirkiya daga ɗan ƙashin da ke saman wuya zuwa jaki. Taku inci 25.5 ce, haka ma Telecaster. Les Paul da SG 24.75 ne. Mustang da Jaguar 24. Daga nan sai ƙanana, Squier Mini 22.75, Ibanez Mikro 22.2. Sai dai kada ku sa rai da yawa wajen miƙa yatsa. Daga ƙashin zuwa firet na huɗu (firet su ne ƙarafan da aka gicciya a jikin wuya), a taku kusan milimita 134 ne, a Mustang 126. Inda aka fi jin bambanci shi ne ɗauri. In kaurin tsirkiya ɗaya ne, sautin ma ɗaya, ta inci 24 ta fi taku laushi da kusan kashi 11 cikin ɗari.

Ladi: Injiniya, milimita 8 ɗin nan a takarda ce take ƙarama. Ga mai yatsan da ke tsayawa dab da firet ya kasa ƙarasawa, ita ce komai. Yatsuna biyu sun sandare bayan karaya, kuma da Mustang na iya komawa kaɗa kod ɗin da na haƙura da su. Kawu, ita zan ce ku duba, amma mai kafaffen jaki, wadda ba ta da sandar girgiza sauti.

Danjuma: Me zai hana Mini kawai? In gajarta ake nema ai ta fi duka.

Malam Habu mai gyara: Danjuma, a bi a hankali. Wuyan Mini ya fi siriri, tsirkiyoyin sun matsu da juna. Mai kumburarrun gaɓoɓi yana danna ɗaya zai kashe ta kusa da ita. In ka haura firet na goma sha biyu kuwa, wurin sa yatsa ma aiki ne. Ga kuma tsirkiya ta yi sako-sako, ka ɗan matsa da ƙarfi sauti ya haura. Shi ya sa masu ita ke sa mata tsirkiya mai kauri, ka ga laushin da aka zo nema ya ragu ke nan. Ga yaro ko mai ƙaramin hannu, madalla. Ga Kawu ban gamsu ba tukuna.

Kawu, kafin ku sayi komai, ga gwaji da jitar da ke hannunku. Ku sassauta dukkan tsirkiyoyin shida da rabin mataki, ku ɗaura kafo, wato ɗan matsin da ke danne tsirkiyoyin duka, a firet na farko. Sautin ya dawo daidai, tsawon da ya rage kuma inci 24 da ɗigo ne, wato Mustang ce a hannunku, da tazarar da laushin duka. In kuna son ɗanɗana Mini, ku sauke mataki guda cikakke, kafo a firet na biyu, zai ba ku kusan 22.7. Ɗigogin alamar firet da ke jikin wuya za su ɗan ruɗa ku, ku kau da ido. Ku yi kwanaki a haka ku ji abin da hannun zai ce.

Injiniya Bala: Lissafin Malam daidai yake. Kuma kafo yana tona wani asirin. In kuka ji sauƙin ya zarce misali, wataƙila ramukan ƙashin saman ne ba su yi zurfi ba, kuna ta kokawa da tsirkiyar da ta yi tudu.

Malam Habu mai gyara: Wannan kam kullum ina gani. A kawo jita a ce wuya ya yi tsawo, in danna tsirkiya a firet na uku in leƙa na farko, sai in ga rata har kati mai kauri zai shige, alhali bai kamata ta wuce kaurin takarda ba. A goge ramukan, a daidaita sandar cikin wuya, a sauke jaki, sai mai ita ya ce kamar an canza masa jita. Sabuwar ma in kun saya, sai an yi mata haka.

Binta: Kawu sannu da jiki. Ni zugin babban yatsan nan ya fi tsaya min. Gajarta ba ta cika maganinsa ba, matsa ce ke kawo shi, musamman kod ɗin da ake shimfiɗa manuni a kan tsirkiya shida. Abu biyu suka taimake ni. Na farko siraran tsirkiyoyi, masu lambar kauri 9 zuwa 42 (daga mafi siriri zuwa mafi kauri), akwai ma 8 zuwa 38. Tony Iommi na Black Sabbath inji ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, siraran tsirkiyoyi da sassauta ɗauri ya koma, kuma ba wanda ya ce sautinsa ya yi rauni. Na biyu buɗaɗɗen saiti. In kuka saita D G D G B D, ba ku taɓa komai ba kod ɗin G ya fito, da yawa daga sauran kuma yatsa ɗaya ne ko ɗan bututun ƙarfe da ake zura wa yatsa. Joni Mitchell da shan inna ya raunana mata hannun hagu, irin waɗannan saiti ta riƙe.

Ladi: Gaskiya ne Binta. Sannan kada a ɗauka siririn wuya ne mai sauƙi ga kowa. Wanda hannunsa ba ya dunƙulewa sosai, mai ɗan kauri ya fi cika masa tafi.

Danjuma: To Jaguar fa? Tsawonsu ɗaya da Mustang, kuma ta fi kyau a ido.

Malam Habu mai gyara: Kyau kam akwai, tun 1962 take, ta girmi Mustang da shekara biyu. Amma ta fi girman jiki da nauyi, kuma jakinta na asali ba ya shiri da siririyar tsirkiya, ka kaɗa da ƙarfi ta zame daga mazauninta. Ga ƙananan makunnai da sai an sa farce. Ba zan ba mai ciwon yatsa ita ba.

Binta: Nauyin ma a duba. Les Paul takan kai kilo 4 ko fiye. SG ba nauyi, sai dai kanta na rinjaya ƙasa, hannun da ke ciwon shi zai koma tallafe wuya. Ku ɗaga jitar sama da faffaɗar igiya, wuyan ya kalli sama kaɗan, don wuyan hannunku ya miƙe. In kuna zuwa wajen likitan gashin ƙashi, ku tafi da ita ya ga yadda kuke riƙo.

Kawu Sale: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam Habu, gwajin kafon nan da tsirkiyar da ke kai zan yi, ko in canza tukuna? 10 ce yanzu.

Malam Habu mai gyara: Ku bar 10 ɗin tukuna Kawu. In kuka canza abu biyu lokaci guda ba za ku san wanda ya yi aikin ba. Kafo da farko, bayan nan ku sa 9 ku sake ji. In kun sa 9 kuka ji tsirkiya na zizar firet, sandar wuya ce ke son a ɗan sassauta ta, kwata na juyi ya isa a fara da shi.