Tsiron tumatir ya yi tsawo ya sirance a inuwa: taki ne ya gaza?

Manomin Galma:
Assalamu alaikum. Ina noman rani a fadamar Galma, kuma bana na zuba irin tumatir na UC82B a wuri biyu, ɗaya a fili, ɗaya a gindin mangwaro. Na gindin mangwaron ya fi tsawo, amma kararsa ta sirance, yana kwanciya tun kafin a kai ga dashe, alhali iri ɗaya ne, taki da ban-ruwa ma ɗaya. Wasu sun ce in ƙara yuriya. Ina roƙon masana su yi mini bayani.

Malamin Kimiyyar Tsirrai, Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ƙara yuriya, domin ba yunwa ce ke damun tsiron ba, kuma ƙarin takin sai dai ya sa karar ta ƙara laushi. Tumatir yana da wasu sinadaran furotin masu gane haske da ake kira fitokurom, kuma ƙwayoyin gado biyar ne ke samar da su: PHYA da PHYB1 da PHYB2 da PHYE da PHYF. Aikin fitokurom shi ne auna jan haske, wanda tsawon zangonsa ya kai kimanin nanomita 660 (nanomita ɗan ƙanƙanin ma'aunin tsawo ne), da kuma hasken da ke gaba da ja, wanda ido bai cika ganinsa ba, na wajen nanomita 730. Ɗanyen ganyen mangwaro yana shanye jan hasken ya bar na biyun ya wuce, saboda haka tsiron da ke ƙasa yakan ɗauka cewa wata shuka ce ta sha gabansa.

A cikin rana, fitokurom yana shiga cibiyar tantanin shuka ya sa a rushe wasu furotin da ake kira PIF. A inuwar ganye kuwa yana rasa ƙarfi, sai PIF su taru su tayar da ƙwayoyin gadon da ke ƙera oksin, sinadarin da ke miƙar da kara, ta yadda abincin da ya kamata ya tafi ga saiwa da kaurin jiki sai ya ƙare a neman tsawo. Haka ma yake faruwa idan aka zuba iri ya cunkushe, don tsirran suna yi wa juna inuwa. Idan ana buƙatar kariya daga rana, rumfar busasshiyar ciyawa mara kauri ta fi, a kuma riƙa rage ta kafin dashe.

Ɗaliba daga Kongo, Zariya:
Malam, Allah ya ƙara sani. Na karanta cewa akwai tumatir da ake kira hp1 da hp2, waɗanda ke da naƙasa a ƙwayoyin gadon DDB1 da DET1, kuma tun 1999 aka gano cewa DET1 ce tushen hp2. Tunda waɗannan ƙwayoyin su ne ke taƙaita yadda shuka ke amsa haske, naƙasarsu tana sa tsiron ya zama gajere, 'ya'yan kuma su tara likofin, sinadarin da ke sa ja, fiye da na saura. Me ya hana a yaɗa su ga manoma?

Malamin Kimiyyar Tsirrai, Samaru:
Madalla da wannan tambaya. Naƙasar ba ta tsaya ga 'ya'ya kaɗai ba, tana shafar jikin shukar gaba ɗaya, har girma ya ragu, amfani ma yakan ragu. Shi ya sa a 2005 masu bincike suka gwada kashe DET1 a cikin 'ya'yan kawai, suka samu ƙarin launi ba tare da shukar ta tsumbure ba.

Malamin Gona, Shika:
Ina so in ja hankalin manoma, kada jin cewa haske na ƙara ja ya sa su fige ganye don rana ta bugi 'ya'yan. Idan zafi ya haura digiri 30 zuwa 32, tumatir yana daina ƙera likofin, shi ya sa girbin Maris da Afrilu yakan fito ruwan lemo, wani ma da ƙunar rana a gefe guda. A wannan lokacin ganyen da ke rufe 'ya'yan yana da amfani, sai dai wanda ya taɓa ƙasa ko ya kamu da cuta ne za a cire.