Wa ya fara toshe bakin 'yan adawa a jam'iyyar Lenin?

Tsohon Masaƙi, Kakuri:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni karatuna bai yi nisa ba, shekara 19 na yi a gaban injin saƙa a wata masaƙa nan Kaduna kafin a garƙame ta. A cikinsu na yi shekara 4 ina wakiltar sashenmu a ƙungiyar ƙwadago.

Wata shekara mu bakwai muka rubuta takarda. Abu biyu kawai muka nema: a karanta mana lissafin kuɗin da ake yanka a albashinmu, kuma shugabanni su daina sa hannu da manajoji sai sun dawo sun ji ta bakinmu. Ranar taro a ɗakin cin abinci, shugaban reshe ya ɗaga takardar sama, bai karanta ko layi ɗaya ba sai sunayenmu. Ya ce ana tsakiyar ciniki da kamfani mun kafa ƙungiya cikin ƙungiya. Aka ce a ɗaga hannu. Har wanda muke raba ƙosai da shi a bakin get kowace safiya ya ɗaga. Aka dakatar da mu wata shida.

Shekaran jiya ɗana yana bitar jarrabawar tarihi, na ji ya ambaci wani maƙeri ɗan Rasha, Shlyapnikov, wanda aka yi wa irin wannan a jam'iyyar kwaminis. Mu abin da muka taso muna ji a bakin manyanmu na ƙwadago shi ne Lenin mutumin ma'aikata ne, Stalin ne ya zo ya ɓata komai. Yaron ya ce a'a, dokar hana ɓangaranci Lenin ne ya kawo ta da kansa a 1921. Gaskiya ne? Kuma me waɗannan mutane suka nema har aka yi musu doka?

Malamin Tarihi, Zariya:

Wa alaikumus salam Baba. Ɗanka ya faɗi daidai, amma bari in ɗan koma baya, don jam'iyyar nan da gardama aka haife ta. A taron 1903 da aka fara a Brussels aka ƙarasa a Landan, Lenin da Martov suka saɓa kan wa ya cancanci a kira shi ɗan jam'iyya. Daga nan aka samu Bolshebik, wato masu rinjaye, da Menshebik, marasa rinjaye. A Oktoban 1917 Zinoviev da Kamenev, manyan abokan tafiyar Lenin, sun ƙi yarda da ƙwace mulki, maganar har ta fita a jarida. Lenin ya fusata ya nemi a kore su, ba a kore su ba. A 1918 Bukharin da mutanensa suka ce ba za a sa hannu kan sulhun Brest-Litovsk da Jamus ba, har suna buga jaridarsu ta daban. Sai da Lenin ya yi barazanar ajiye muƙami ya samu ƙuri'a 7 a kwamitin tsakiya na jam'iyya, huɗu suka ƙi, huɗu suka ƙaurace. Ka ga a lokacin ana iya ce wa Lenin bai yi daidai ba a gaban idonsa, a kwana lafiya.

Shi Alexander Shlyapnikov irinku ne Baba, hannunsa ya san ƙarfe. Tun yana yaro yake gaban injin sassaƙa ƙarfe, ya yi aiki a masana'antun Faransa. Lokacin da sarautar Rasha ta faɗi a Fabrairun 1917, Lenin yana Zurich, Trotsky yana New York, Stalin yana zaman kora a Siberiya. Shlyapnikov ne babban ɗan Bolshebik da ke cikin Petrograd, babban birnin ƙasar a lokacin. Shi ne kwamishinan ƙwadago na farko, kuma shugaban ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe.

Zuwa 1920 ya duba ya ga gwamnatin da ake ce wa ta ma'aikata ta cika da 'yan ofis. An dawo da manaja ɗaya a kan kowace masana'anta, naɗi daga sama ya maye gurbin zaɓe. Trotsky kuwa so yake a tafiyar da ma'aikata kamar sojoji, ƙungiyoyin ƙwadago su zama reshen gwamnati, kuma ya riga ya gwada haka da ma'aikatan jirgin ƙasa. Su Shlyapnikov da Medvedev, waɗanda aka sani da Adawar Ma'aikata, suka ce a miƙa tafiyar da tattalin arziki ga masu aikin da kansu ta hanyar ƙungiyoyinsu, a kuma dawo da zaɓe a kowane mataki na jam'iyya.

Babban taro na 10 ya zauna a Mosko daga 8 zuwa 16 ga Maris 1921, ƙasa na ci da wuta. An rage rabon burodi, ma'aikatan Petrograd sun shiga yajin aiki, manoman Tambov sun ɗauki makami, ga sojojin ruwa na Kronstadt, wani tsibiri kusa da Petrograd, sun yi bore suna neman sabon zaɓen majalisu a asirce. A ƙuri'ar batun ƙwadago Lenin ya samu 336, Trotsky da Bukharin 50, Adawar Ma'aikata 18. Duk da haka a ranar ƙarshe Lenin ya kawo ƙuduri kan haɗin kan jam'iyya: a rushe duk wani ɓangare mai manufa tasa, wanda ya ƙi a kore shi. Aka sa masa sakin layi na 7 da aka ɓoye wa jama'a, wanda ya ba da damar korar ɗan kwamitin tsakiya da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, alhali babban taro ne ya zaɓe shi. Karl Radek, ɗaya daga cikin manyan jam'iyyar, ya tashi ya ce yana jin a jikinsa wata rana za a juya wannan doka a kansu, amma dai zai goyi bayanta. Ni duk lokacin da na zo wurin nan a aji sai na ɗan yi shiru. Mutum yana ganin ramin, ya ce ga rami, ya kuma taka.

Uwar Biyu:

Malam ka tsallake macen da ta fi kowa fito da maganar fili. Alexandra Kollontai ita ta rubuta ɗan littafin da aka raba wa wakilai gab da taron, tana cewa in aka hana ma'aikaci faɗin ra'ayinsa da gwada dabararsa, abin da za a gina ofis ne, ba sabuwar rayuwa ba. Mace ce da ta riƙe kujerar kwamishinan jin daɗin jama'a a 1917, ta kuma shugabanci sashen mata na jam'iyya.

Abin da ya fi taɓa ni Baba, ba su tsaya a nan ba. A Fabrairun 1922 mutum 22 suka kai kuka ga ƙungiyar kwaminis ta duniya cewa ana danne su a gida, ita ma ta mara musu baya. To wa ke shugabantar wannan ƙungiya? Zinoviev. Ka kai ƙarar mutum gaban ɗan ɗakinsa. Aka yi watsi da kukan. Ita aka tura ta aikin jakadanci Norwe, daga baya Meziko da Suwidin. Ta ja bakinta ta yi shiru, ta rasu a Mosko a 1952. Shlyapnikov an kore shi daga jam'iyya a 1933, aka kama shi a 1935, aka harbe shi a Satumban 1937 bai amsa laifin da aka ɗora masa ba. Har yau ban san wanne zan fi tausaya wa a cikinsu ba.

Ɗan Gwagwarmaya, Kano:

Baba ka yi haƙuri da abin da ya same ka, zalunci ne. Amma Malam, a yi wa Lenin adalci. Mutanen Petrograd sun ragu daga sama da miliyan 2 zuwa kimanin dubu 700 saboda yunwa da yaƙi. Masana'antu a tsaye suke, ma'aikatan da za a miƙa wa tattalin arzikin ma sun watse ƙauyuka neman abinci. A wannan taron ne aka daina ƙwace hatsin manoma aka koma haraji, juyawa ce mai haɗari, sai an riƙe linzami da kyau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Su kansu 'yan Adawar Ma'aikata sun bi wakilai kimanin 300 da suka bar taron suka tsallaka ƙanƙara don yaƙar Kronstadt. Kuma a taron aka zaɓi Shlyapnikov cikin kwamitin tsakiya. Wanda yake son hallaka ka ba ya ba ka kujera.

Mahaifina ɗan PRP ne, ya ga yadda Santsi da Taɓo suka raba gida, surukai suka daina gaisawa, 1983 ta zo ƙarfi ya kasu. Jam'iyyar da kowa ke da tutarsa ba ta kai labari. Lenin magani ya ba da na lokacin ciwo, Stalin ne ya mayar da shi abinci.

Malamin Tarihi, Zariya:

Ƙanena, halin da ka zana gaskiya ne, ban musa ba, kuma ban ce Lenin da Stalin ɗaya ba ne. Amma kujerar da ka ambata, wata biyar kacal bayan taron, a Agustan 1921, Lenin da kansa ya nemi a fitar da Shlyapnikov daga kwamitin da wannan sakin layi na 7. Ƙuri'a ɗaya ce ta hana a kai kashi biyu cikin uku. Kafin nan ma, a watan Mayu, kwamitin tsakiya ya ɗora wa ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe shugabannin da ba su ta zaɓa ba. Kuma ba a rubuta wa dokar ranar ƙarewa ba. Game da Santsi da Taɓo, a can wanda ya fusata yana da wata jam'iyya da zai koma, Rimi ya tafi NPP. A Rasha ta 1921 ƙofa ɗaya ce ta rage, in aka toshe bakinka a cikinta shi ke nan.

Dubi yadda abin ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Afrilun 1922 Stalin ya zama babban sakatare, aikin da manyan masu baki suka raina, alhali a teburinsa ake naɗa sakatarorin larduna, su kuma su turo wakilan babban taro. A wasiyyarsa, a ƙarin da ya yi ranar 4 ga Janairu 1923, Lenin ya ce Stalin ya cika rashin ladabi, a sauke shi. Lenin ya rasu a Janairun 1924, Zinoviev da Kamenev suka kare Stalin don tsoron Trotsky. Tun Oktoban 1923 manyan 'yan jam'iyya 46 suka rubuta takarda kan yadda naɗi ya kashe zaɓe, aka ce ɓangaranci ne, Stalin ya fito da sakin layin da aka ɓoye a fili. Trotsky da ya goyi bayan dokar a 1921 ya rasa abin kare kansa, har ya tsaya a taron 1924 ya ce ba wanda zai yi daidai in ya saɓa wa jam'iyya.

A Disamban 1925 Zinoviev da Kamenev suka farga, Kamenev ya ce a bainar taro Stalin ba zai iya haɗa kan shugabanci ba, aka shashantar da shi da ihu. Suka haɗe da Trotsky a 1926, aka kore su a 1927, Bukharin na cikin masu tafi. 1929 ta zo kan Bukharin. An harbe Zinoviev da Kamenev a 1936, Bukharin da Rykov a 1938, Radek ya mutu a kurkuku a 1939, Trotsky aka bi shi har Meziko aka kashe shi a 1940. Kowannensu da hannunsa a igiyar da aka ɗaure na gabansa.

Tsohon Masaƙi, Kakuri:

Na gode Malam, na gode Hajiya, kai ma ɗana na Kano na ji ka, Allah ya jiƙan magabata. Maganarka ta bango da ƙadangare ita shugabanmu ya faɗa ranar, kuma ban ce ƙarya yake ba, kamfani na neman inda zai raba mu. Sai dai cinikin ya ƙare cikin wata biyu, lissafin kuwa ba a taɓa karanta mana shi ba har aka rufe masaƙar.

Maganar Radek ce ta hana ni barci jiya. Akwai abin da ban faɗa ba a farko. Shekara biyu kafin tamu, an dakatar da wani yaro ɗan sashen rini don ya tashi a taro ya tambayi kuɗin motar ƙungiya. Ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Na san gaskiya ya faɗa, amma na ce a raina ba yanzu ba, lokacin bai dace ba. Da tamu ta zo, da wannan dokar aka yi mana, sakin layi ɗaya.

Kwafin takardarmu na nan a akwatina cikin leda, tawadar ta koɗe amma sunaye bakwai na karantuwa, uku sun riga mu gidan gaskiya. Yaron rinin an ce yana sayar da yadi a kasuwar Barci. Na sa ɗana ya buga mini bayanin Malam a takarda, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je in neme shi.