Auna bayanin kayan aikin wakilin AI: shawarwarin masu manhaja a Maraɗi

Wasu matasa masu rubuta manhaja a Maraɗi sun tattauna kan ɗan bayanin da ake rubuta wa kowane kayan aiki da wakilin AI zai yi amfani da shi, wato ƙananan manhajojin da yake kira don yin aiki. Wakilin AI manhajar ƙirƙirarriyar basira ce da ke aiwatar da aiki a madadin mutum. Wakilin ba ya ganin cikin manhajar. Suna, bayani da guraben da zai cike kaɗai yake karantawa, kuma haka abin yake a MCP, tsarin haɗa AI da kayan aiki, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamba 2024.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a miƙa bayanin ga wanda bai san aikin ba. In ya yi tambaya, to akwai giɓi, don wakilin sau da yawa ba ya tambaya, cinta kawai yake yi.

An daɗe kan maganar kuɗi, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa. Gurbin da aka rubuta "farashi" kawai bai isa ba a garin da ake ciniki da sefa da naira. Ɗan kasuwa ya ce buhun gero dala kaza, alhali a ƙirgar kasuwa dala ɗaya sefa 5 ce. In bayanin bai faɗi ma'auni ba, lissafi ya karkace ninki 5.

Wani ya ƙara da cewa kayan aiki biyu masu kama da juna, kamar neman kaya da duba ragowar kaya a sito, dole kowanne ya faɗi lokacin da bai dace a kira shi ba. Sauran sun ce a tara tambayoyin kwastomomi na gaske, a gwada, a ƙirga sau nawa wakilin ya ɗauki wanda ya dace, sannan a sake gwaji duk lokacin da aka taɓa bayanin.