Akwatin faiba yana aiki, rautar da aka ƙara ta ƙi kawo intanet: a sayi sabuwa ko a danna reset?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana kafin in kashe kuɗi. An jawo mana intanet na faiba, kamfanin ya saka modem ɗinsa a falo. Fitilar PON, mai nuna an haɗu da layin kamfani, kore ce a tsaye, ta LOS kuma, mai kamawa idan hasken faiba ya yanke, a kashe take. Idan waya ta hau Wi-Fi ɗin modem ɗin kai tsaye komai yana buɗewa, sai dai ba ya kaiwa ɗakunan baya. Shi ya sa aka ja kebul mai mita 25 zuwa wata rauta, wato na'urar raba Wi-Fi, da muke da ita tun da. Wayoyi suna hawa Wi-Fi ɗin rautar, amma sai su rubuta an haɗu, babu intanet. Rautar ce ta mutu in sayi sabuwa, ko in danna reset na modem ɗin a faro komai daga farko?

Abdul: Wa alaikumus salam Hajiya. Yawancin irin wannan daga wayar faibar ne. A duba ko an lanƙwasa ta a bayan kujera ko ƙofa ta matse ta, domin zaren gilashi ne a ciki, ba ya son lanƙwasa mai kaifi. A shiga shafin modem ɗin a duba ƙarfin hasken da yake samu. Tsakanin -8 da -27 dBm (ma'aunin ƙarfin hasken) ake so, idan ya wuce -27 zai riƙa yankewa. Kuma kada a leƙa bakin wayar da ido, hasken da ke ciki ba a ganin sa amma yana cutar da ido.

Zainab: Abdul, ka karanta tambayar kuwa? Ta ce LOS a kashe take, kuma intanet yana aiki a Wi-Fi ɗin modem. Faiba lafiyarta ƙalau. Matsalar tana tsakanin ramin LAN na modem, inda ake soka kebul na cikin gida, da rautar, ba ta wuce nan ba.

Nura: Hajiya ki samo tsinke ki danna reset na duka biyun, ki riƙe daƙiƙa 30. Ko kuma ki huta ki sayi mesh guda biyu, wato na'urorin da ke haɗa kai su faɗaɗa Wi-Fi, sun fi kiran mai gyara sauƙi a aljihu.

Malam Sani: Kul! Hajiya kada ki taɓa reset na modem ɗin kamfani. Kashewa da kunnawa daban, reset daban. Reset yana goge sunan shiga da kalmar sirri na PPPoE, wato hanyar da modem ke shiga layin kamfani da ita, da lambar VLAN da ke ware layin intanet idan akwai, a wasu modem ɗin har da lambar da yake gabatar da kansa da ita ga na'urar kamfani. Akwai kamfanonin da ke sake turo saitin daga can da kansu, akwai waɗanda sai ma'aikaci ya zo. Idan naki na biyun ne, kin tashi daga rabin intanet kin koma babu ko kaɗan. Rautarki kuwa, wadda ke hannunki, ita za ki iya yi wa reset ba fargaba, kuma daƙiƙa 10 ta isa a yawancinsu, har fitilu su ƙyafta tare. Maganar mesh kuma Nura, ina ka ga ya fi sauƙi? Ya fi kebul da kawunansa tsada nesa ba kusa ba, kuma idan ramin modem ɗin ne ba ya bayarwa, shi ma zai zauna haka nan yana kallon ta.

Injiniya Kabiru: Hajiya, a bi shi daki-daki, kada a sayi komai tukuna. Ki samo laftof da gajeren kebul wanda kika tabbatar yana aiki. Ki kashe Wi-Fi na laftof ɗin, ki soka kebul ɗin a LAN1 na modem. Idan shafuka sun buɗe, ramin yana da rai. Na ce LAN1 ne saboda wasu kamfanonin rami ɗaya kawai suke buɗewa, sauran ko a rufe suke ko an ware su don talabijin. Daga nan ki ɗauki laftof ɗin zuwa ƙarshen dogon kebul ɗin, ki zare shi daga rautar ki soka a laftof. Idan ya buɗe a can ma, an wanke kebul, saura rauta. Idan bai buɗe ba, ki buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni a Windows, ki rubuta ipconfig don ganin adireshin laftof ɗin. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin laftof ɗin ya nemi adireshi ba a ba shi ba, ya ƙirƙiro wa kansa.

Idan zargi ya dawo kan rauta, abu uku ne ke jawo wannan alamar. Ko an soka kebul ɗin a ramin LAN alhali rautar tana jiran sa a WAN, ramin da intanet ke shigowa ta cikinsa, wanda galibi launinsa daban ne. Ko nau'in haɗin WAN ɗinta yana kan PPPoE na tsohon kamfani, tana ta kiran layin da babu shi, alhali Dynamic IP ya kamata, wato ta karɓi adireshi daga modem kai tsaye. Ko kuma ita da modem ɗin adireshinsu ɗaya, misali dukansu 192.168.1.1, sai ta rasa ina ne ciki ina ne waje. Maganin na ukun shi ne a mayar da LAN ɗinta 192.168.2.1. Galibi adireshin kowace na'ura yana rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta.

Baba Lawal: Duk ku ajiye lissafin adireshi, kebul ne. Wa ya haɗa kawunan kebul ɗin? Masu saka intanet na yanzu ba su da tausayin aiki. Su yanko kebul mai arha, wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, su matse kai ba tare da sun gwada ba, su tafi. Ka kankare zaren da wuƙa, idan ka ga fari a ciki to an cuce ka. Yana karyewa a cikin kai bayan 'yan watanni, maigida kuma ya yi ta zargin rauta.

Sannan jerin launi. Zare takwas ne, kuma tsarin jera su da ake kira B shi ne: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ka ji wani yana cewa ai duk yadda ka jera, in dai kai biyun sun zo ɗaya, zai yi. A mita biyu zai yi. A mita 25 ba zai yi ba, domin fil na 1 da 2 dole su fito daga murɗi ɗaya, na 3 da 6 su ma haka. Murɗin nan shi ke kashe hayaniyar lantarki. Idan aka raba su, fitila za ta kama, ƙaramin testa ma zai nuna komai daidai, amma bayanai suna zubewa a hanya. Ga masu bin kebul da ƙusa suna huda shi, ga masu ɗaure shi tare da wayar wuta tsawon bango guda. Kuma idan ka kira su dawo, kuɗin zuwa za su caje ka a kan aikin da su suka ɓata. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Abdul: Baba, ko ruwan famfo ne ya ɗauke, jerin launi za ka fara tambaya. 😄 Amma maganar caji, ai gyaran da ya shafi kayansu kyauta ne.

Baba Lawal: Kayansu ya tsaya a modem, yaro. Duk abin da ya wuce ramin LAN naka ne, je ka karanta takardar da aka sa hannu. Kuma ga shaidar da ba ta ƙarya: gigabit, wato gudun 1000 Mbps, yana buƙatar zare takwas ɗin duka, gudun 100 Mbps kuwa huɗu kawai yake amfani da su. Zare ɗaya ya tsinke a cikin sauran huɗun, sai haɗin ya sauka 100 shiru ba sanarwa. Duk wanda yake biyan 200 amma gwajin gudu ya kafe a 94 ko 95, ya duba kebul kafin ya ɗaga waya.

Zainab: Wannan gaskiya ne Baba, sai dai tsofaffin rautoci da yawa ramukansu ma 100 ne, ko da kebul na zinare aka kawo. Mu dawo kan Hajiya. Injiniya, hanyarka za ta kawo intanet, amma za ta bar gidan da NAT biyu, ɗaya a kan ɗaya, wato modem da rauta kowa da nasa zangon adireshi. Firinta da ke kan modem ba lallai wayar da ke kan rauta ta gan ta ba, tura bidiyo zuwa talabijin ma haka. Tunda faɗaɗa Wi-Fi kawai take so, a mayar da rautar access point, wato ta riƙa watsa Wi-Fi kawai, modem na raba adireshi. Idan tana da wannan zaɓin a saiti, dannawa ɗaya ne. Idan babu, a yi da hannu: a haɗa laftof da rautar ita kaɗai, a ba LAN ɗinta adireshi a cikin zangon modem wanda ba kowa a kai, misali 192.168.1.2 idan modem ɗin 192.168.1.1 ne. A sake shiga da sabon adireshin, a kashe DHCP, wato aikin raba adireshi, a ajiye, sannan a soka dogon kebul a ramin LAN, a bar WAN fanko. Adireshi ake fara canzawa kafin a kashe DHCP, in ba haka ba shiga shafin zai zama wahala. Sunan Wi-Fi da kalmar sirri a sa iri ɗaya da na modem, amma tasha daban a 2.4 GHz: ɗaya a 1, ɗayar a 6 ko 11.

Injiniya Kabiru: Ban ƙi ba Malama Zainab, amma aikin da ya fi tsafta shi ne a sa modem a bridge, wato ya zama gada kawai, rautar ta yi kiran PPPoE da kanta.

Zainab: Idan aka yi haka Wi-Fi ɗin falo ya tafi, tunda modem ɗin ya daina raba adireshi. Kuma tsohuwar rauta za a ɗora wa nauyin gidan gaba ɗaya? Ga shi ba ta da kalmar sirrin PPPoE a hannu.

Nura: To wa za ta bi yanzu, Injiniya Kabiru ko Malama Zainab?

Malam Sani: Ta bi gwajin laftof, shi ba ya da ɓangare. Kowa a nan ya yarda da shi, har Baba.

Hajiya Rabi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ban taɓa reset ba. An gwada laftof a LAN1 ya buɗe, a ƙarshen dogon kebul ma ya buɗe. Mun shiga rautar, a wurin WAN an rubuta PPPoE, adireshin kuma 0.0.0.0. Yanzu in mayar Dynamic IP ne ko in bi hanyar Malama Zainab? Akwai kuma kyamarori biyu da muke so mu riƙa gani daga waje, in hakan zai canza shawara.

Baba Lawal: Ya buɗe ba shi ne lafiya ba. A duba a laftof ɗin ko haɗin ya nuna 100 ko 1000.

Injiniya Kabiru: Kyamara ta canza magana. Kafin komai, Hajiya, a duba adireshin WAN na modem ɗin kansa. Idan lambobinsa biyun farko suna tsakanin 100.64 da 100.127, kina bayan CGNAT, wato adireshin waje ɗaya ne kamfanin ya raba wa gidaje da yawa. A nan ko an buɗe port, wato ƙofar shigowa daga waje, a modem ba abin da zai shigo daga waje. Kyamarorin da ke bi ta sabar kamfanin da ya ƙera su za su yi aiki, domin su ne ke fara fita. Masu buƙatar a shigo musu kai tsaye sai an nemi adireshin waje na kanki, ko IPv6, sabon tsarin adireshi, idan suna bayarwa.

Malam Sani: In ma ta samu ganin shafin. Wannan shi ne abin da ya fi damuna da kamfanonin nan. Asusun da ke rubuce a ƙasan modem na mai amfani ne kawai: sunan Wi-Fi, kalmar sirri, shi ke nan. Asusun gudanarwa yana hannunsu, suna sarrafa na'urar daga can ta wani tsari da ake kira TR-069. Ba ka iya sa bridge, wani lokacin ko DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, ba ka iya canzawa, na'ura tana cikin ɗakinka tana shan wutarka.

Abdul: Suna da hujja fa Malam. Da za a buɗe wa kowa, rabin kiran da za su samu na waɗanda suka taɓa VLAN ne suka kashe layinsu da hannunsu.

Malam Sani: To su ba wanda ya nema a rubuce, ya ɗauki alhakin kansa. Ko sayen naka modem ɗin ba ya fitar da kai, tunda lambar siriyal ɗin nasu ce aka yi wa rajista a na'urarsu, wani daban PON ɗinsa zai yi ta ƙyaftawa ne kawai. Mafi ƙaranci, ranar da aka saka layi ma'aikaci ya bar wa maigida sunan PPPoE da kalmar sirri da lambar VLAN a takarda. Mutum nawa aka bar wa?

Baba Lawal: Takarda? Wanda bai tsaya ya gwada kebul ba shi zai tsaya rubutu?

Zainab: Hajiya, kafin su gama da kamfani: kyamarorin a kan wane Wi-Fi za su zauna, na falo ko na baya? Kuma ki turo mana lambobi biyun farko na adireshin WAN na modem ɗin, su kaɗai, kada ki turo sauran.