Ciyayin da ke mamaye filin ciyawa idan zafi ya tsananta

Da aka baje shawarwari kan yadda za a magance ciyayin da ke mamaye filin ciyawa, aya-aya ce ta fi cin lokaci. Murza kararta tsakanin yatsu, za ka ji kusurwa uku, kuma kwana kaɗan bayan yanka ta zarce sauran ciyawa tsawo. Tuge ta da hannu aikin baban giwa ne, domin 'ya'yanta na nan a ƙasa suna jiran tsirowa. Sai dai a haƙe su, ko a fesa maganin halosulfuron fiye da sau ɗaya, a kuma rage ban ruwa, don tana son laima.

Tuji kuwa alama ce ta ƙasa ta daddanne, a sassauta ƙasar. Tsidau da ƙarangiya a cire su kafin su yi ƙaya. Nonon kurciya, mai farin ruwa idan an karya, da wuri yake zubar da iri.

Wasu sun kawo shawarar fesa maganin kashe ciyawa na glyphosate, amma ni ban goyi baya ba, har ciyawar kirki yake kashewa. An dai haɗu a kan kada a yi feshi da tsakar rana, kuma kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa.