'Yata gola ce a jami'ar Amurka, shekara biyu tana benci: wa ya taɓa bin wannan hanya?

Baban gola, Ohayo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda abin ya taɓa shafa, ko su da kansu ko 'ya'yansu. 'Yata ce mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta jami'arsu, rukuni na ɗaya na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka. Shekarar farko koci ya ce ta zauna, ko wasa ɗaya ba za ta buga ba, don kada shekarar ta shiga lissafi, tunda dokar lokacin ta ba ɗaliba shekara biyar ta buga kaka huɗu a ciki. Muka ce to. Shekara ta biyu ma benci, in ban da rabin wani wasa da suka riga suka ci huɗu da nema. Wadda ke gabanta tana da sauran kaka guda. Yarinyar kuwa ta ƙulla a ranta sai ta buga ƙwallo don albashi bayan digiri. Mahaifiyarta ta ce ta sauya makaranta, ni na ce ta yi haƙuri. Gidan dai ya rabu biyu.

Tsohuwar gola, Buronks

Wa alaikumus salam Baba. Ni na bi hanyar, tun lokacin da ba ta kai yadda take yanzu ba. Iyayena 'yan zangon Kumasi ne, a Niyok aka haife ni. Na shiga jami'a a 2009, ni ma shekarar farko a benci na yi ta.

Abin da mutane ba su ganewa shi ne, 'yar baya ko 'yar gaba in ba ta fara wasa ba, za ta shiga a minti na sittin, balle a jami'a da ake canji yadda aka ga dama, har wadda aka cire ta sake dawowa. Gola fa? Wuri ɗaya ne tak. Mu huɗu ne a ƙungiyarmu, muna atisaye tare a can gefen fili, muna jefa wa juna ƙwallo, muna cin abinci tare, kuma kowace ta san sai ɗaya ta ji ciwo ko ta yi kwaɓa sannan wata za ta samu. Zama ne mai wuyar sha'ani. Kana ƙaunar mutum, kana kuma jiran faɗuwarsa.

Azumin 2010 da na 2011 a watan Agusta suka faɗo, daidai lokacin atisayen share fage, sau biyu a rana cikin zafi. Mai horar da gololi ya riƙa ja min nawa zuwa sassafe, Allah ya saka masa. Na karɓi gida a shekara ta uku na riƙe har na gama.

Sai dai na fito a mugun lokaci. Gasar ƙwararrun mata ta Amurka, WPS, ta rushe a 2012, wadda ta gaje ta, NWSL, ta fara a 2013 da ƙungiyoyi takwas kacal, mafi ƙarancin albashi dala 6,000 a kaka. Ka lissafa: takwas, kowace da gola biyu, kuma gololin tawagogin Amurka da Kanada sun riga sun kama mafi yawan gurabe na farko. Ba a kira sunana ranar zaɓen ɗalibai ba, wato ranar da ƙungiyoyin gasar ke ɗaukar waɗanda suka gama jami'a bi da bi. Wata ƙungiya ta ce in zo in riƙa atisaye da su ba ko sisi, in an tafi da golarsu wasan ƙasa sai in zauna a benci. Na yi, ina kwana a ɗakin ƙasa na wasu bayin Allah da suka karɓe ni, ina koyar da yara da yamma don kuɗin mai. Daga baya na samu rukuni na biyu a Suwidin. Ɗan albashi, ɗaki, keke, da sanyi. Amma a can na fara jin ni gola ce ta gaske, domin duk mako ni ce a raga. Kafaɗa ce ta dawo da ni gida. Yanzu gashin ƙashi nake yi a asibiti, da digirin da ƙwallon ta biya min.

Kocin gololi, Tekzas

Alhaji, ka yi min uzuri, a nan ina bayan Hajiya, mahaifiyar yarinyar. Daga Jos na zo, na daɗe ina horar da gololi 'yan sakandare da masu shirin jami'a, kuma na ga haƙuri ya cinye yara da dama.

Kullum misalin da ake kawowa Alyssa Naeher ce: wai ta jira, ta samu. Gaskiya ne ta jira. Sai a Disamban 2014 ta fara tsare wa Amurka gida, a kofin duniya na 2015 tana benci bayan Hope Solo, tana da shekara 31 ta tare fenaretin Steph Houghton ta Ingila a wasan kusa da na ƙarshe na 2019, sannan ta ci zinare a gasar Olamfik ta Faris a 2024. Amma a tawagar ƙasa ta yi jiran nan. A jami'a ita ce a ragar Penn State daga 2006 zuwa 2009, Boston Breakers ta ɗauke ta a 2010, ta wuce Turbine Potsdam a Jamus, ta dawo aka zaɓe ta golar shekara ta NWSL a 2014. Duk tsawon jiran tana buga wasa a wani wuri. Jiran mai wasa daban, jiran mai ɗaukar jakar ƙwallo daban.

Kuma tsarin ya canza. Tun yarjejeniyar 2024 tsakanin NWSL da ƙungiyar 'yan wasa an soke zaɓen ɗalibai, yanzu kulob da 'yar wasa ne ke yin ciniki kai tsaye. Albashi mafi ƙanƙanta ya kai dala 48,500 a 2025. An samu wata gasar ƙwararrun mata a Amurka, USL Super League, a 2024, Kanada ta buɗe tata gasar a 2025. Ƙofofi sun ƙaru ƙwarai. To amma duk wanda na kira a waya kan wata yarinya, tambayarsa ta farko ita ce, turo min bidiyo. Ba kuma 'yan guntayen da take tashi sama tana kaɗe ƙwallo da kiɗa a bayansa ba. Cikakken wasa suke so. Suna kallon inda take tsayawa in ƙwallo na can gaba, ko tana fitowa ta kama kwana cikin cunkoso, ko 'yan baya na jin muryarta, da yadda take yi in an maido mata ƙwallo ta ƙafar hagu ana binta a guje. Wannan na ƙarshen shi ke kayar da yawancin yaranmu. Wadda ba ta buga ba, me za a tura?

Ko ta zauna ko ta tafi, kada ta yi hutun bazara a gida. Akwai USL W League da WPSL, gasannin bazara ne da ɗalibai ke bugawa. Ta nemi ƙaramar ƙungiya da za ta ba ta raga.

Maman ma'aikaciyar jinya, Minesota

Malam koci ya faɗi gaskiya, amma bai faɗi kuɗin ba. Tawa ta sauya makaranta bayan shekara biyu, kuma ga abin da ya biyo baya.

Da ta sa sunanta a rajistar masu neman sauyi, tsohuwar makarantar ta samu damar janye tallafinta a ƙarshen zangon, kuma ta janye. Muka yi makonni ba mu nan ba mu can. A lokacinmu guraben tallafi 14 ne ake yayyanka wa yara kusan talatin, saboda haka da wuya ka ga mai cikakke. Sabuwar makarantar rabi ta ba mu. Wasu darussan da ta riga ta ci suka ce ba su san da su ba, ta maimaita, digiri ya ƙara zango. Babanta ya koma aikin dare.

Ta buga kuwa, kaka biyu cur, ban taɓa ganin ta da walwala haka ba. Ina zaune a sanyin Oktoba da bargo ina jin muryarta daga raga tana tsawata wa 'yan bayanta, yarinyar da a gida sai ka matsa kusa kake jin maganarta. A kaka ta ƙarshe gwiwar wata ta same ta a kai wajen kama ƙwallo, karo na biyu ke nan, likita ya ce a yi tunani. Ita da kanta ta ajiye safar hannun. Ba ta buga don kuɗi ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yi da-na-sanin sauyin ba. Ni dai Alhaji abin da zan ce, kafin ta sa suna, ku samu magana a rubuce: nawa za a ba ta, darussa nawa za a karɓa.

Gola daga Kaduna

Iyayena ina gaisuwa. Ina karantawa ina murmushi, ku yafe ni. Mu nan safar hannu ɗaya muke karɓa-karɓa mu biyu, in ta yage a kai wa mai gyaran takalmi. Filin da nake faɗuwa a kai ƙasa ce da tsakuwa, kwatangwalona duk tabo. Jami'a a wurinmu ba hanyar ƙwallo ba ce. Chiamaka Nnadozie daga Rivers Angels ta wuce Paris FC a 2020, duniya ta ga ta tare fenaretin Christine Sinclair ta Kanada a kofin duniya na 2023. Haka muke fata, kulob na gida, tawagar ƙasa, sai waje. Amma tunda na ga Deborah Abiodun ta tafi Jami'ar Pittsburgh a 2023, wurin Randy Waldrum da ke horar da Super Falcons a lokacin, na fara tunanin ko gola ma za ta iya. Ina da sakamakon WAEC mai kyau. Malam koci, ta ina ake farawa?

Kocin gololi, Tekzas

'Yata, akwai ofishin tantancewa na NCAA, ta intanet ake rajista, za su nemi takardun sakandarenki. Za su kuma tambayi duk kuɗin da wani kulob ya taɓa ba ki da duk takardar da kika sa wa hannu, don haka ki kula da abin da kike sa wa hannu tun yanzu. Shekarun da kika yi kina buga gasa bayan gama sakandare ma suna iya rage miki kakanni. Ki samu mai waya mai kyau ya hau wuri mai tudu ya ɗauki wasanki daga farko har ƙarshe. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya samo miki makaranta, ki bar shi.

Baban gola, Ohayo

Na gode, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa mahaifiyarta, ta ce ai ga shi nan. Mun kira yarinyar, ta ce za ta ƙarasa wannan kaka, in an gama a Nuwamba ta shiga ofishin koci ita kaɗai. Me ya kamata ta tambaye shi?

Tsohuwar gola, Buronks

Baba, kada ta tambaye shi ko za ta buga, kowane koci zai ce mata ƙofa a buɗe take. Ta tambaye shi gola nawa ya yi wa alkawarin zuwa baɗi, kuma ko yana neman wata babba daga wata makarantar. In ya ce eh ga na biyun, ta fito ta kira ku a fara haɗa takardu. Ta kuma roƙi mai horar da gololi ya ba ta bidiyon atisayen da ake haɗa su wasa sha ɗaya da sha ɗaya, tun kafin ta faɗa wa kowa tana tunanin tafiya.